Yadda mai jin Sifaniyanci zai sayi gida a Amurka ba tare da takarda ta cuce shi ba

A birane irin su Houston, Los Angeles, Miami da unguwar Bronx ta New York, mutum zai iya neman gida tun daga farko har ya kai ga ciniki bai furta kalmar Turanci ko ɗaya ba. Da Sifaniyanci ake yi masa talla, da shi dillali yake zolayarsa, da shi ma'aikacin banki yake kwantar masa da hankali. Sai ranar sa hannu a dire masa tulin takardu, dukkansu da Turanci, kuma su kaɗai alƙali zai duba idan rigima ta tashi. Duk abin da aka faɗa masa da baki, ko da harshen da ya sha a nono ne, muddin bai shiga takarda ba, to babu shi.

Fiye da mutum miliyan 40 ne ke magana da Sifaniyanci a gidajensu a Amurka. Kusan rabin magidantan da ke da asali da Latin Amurka suna zaune a gidan kansu, alhali a wajen fararen fata abin ya doshi kashi uku cikin huɗu. Hausawan da ke Bronx, musamman 'yan zangon Gana, maƙwabtan mutanen Dominika da Puerto Rico ne, tare suke tuƙin tasi, tare suke aikin kula da tsofaffi. Damuwarsu kusan ɗaya ce: Turanci na sama-sama, kuɗin adashi, aikin da ake biya hannu da hannu. Matakan da ke ƙasa na mai Sifaniyanci ne, amma mafi yawansu za su zauna daidai a kan duk baƙon da Turanci ba harshensa ba ne.

Mataki na farko: lambar shaida da suna

Banki zai fara tambayarka lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnati ke ba 'yan ƙasa da masu izinin aiki. In ba ka da ita saboda matsayin takardun zamanka, akwai lambar biyan haraji mai suna ITIN, wadda hukumar haraji ta IRS take bayarwa tun 1996. Lambobi tara ce, tana farawa da 9, ana nemanta da fom W-7. Babu dokar tarayya da ta ce sai ɗan ƙasa ne zai mallaki gida, kuma akwai ƙananan bankuna da ƙungiyoyin gama-kai na adana kuɗi da ke ba masu ITIN lamuni. Sai dai farashinsa ya fi zafi: kafin alƙalami, wanda masu Sifaniyanci ke kira enganche, yakan kama daga kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, kuɗin ruwan ma ya ɗara na kowa.

Ka kuma san cewa dokoki sun sauya. Daga ranar 25 ga Mayu, 2025, lamunin da hukumar gidaje ta tarayya, FHA, ke tsaya wa ya daina karɓar waɗanda ba su da izinin zama na dindindin, har da matasan DACA, shirin da ke kare waɗanda aka shigo da su ƙasar tun suna yara ba tare da takardu ba. In wani ya ce maka ƙanensa ya samu a 2022 da takardar izinin aiki kawai, gaskiya ya faɗa, amma wannan ƙofar an rufe ta.

Batun suna kuwa ƙarami ne a ido, yana iya cinye makonni. Al'adar masu Sifaniyanci ita ce sunan dangi biyu, na uba da na uwa. A Amurka wani magatakarda zai ɗauki na uba, wani na uwa, wani ya haɗa su da ɗan layi. Ƙarshenta mutum ɗaya ya zama uku a kwamfuta, ko a cakuɗa tarihin bashinsa da na wani mai irin sunansa. Ka tsayar da rubutu guda, yadda yake a katin shaidarka, ka sa banki da wurin aiki da mai cika maka takardun haraji su bi shi harafi da harafi.

Mataki na biyu: tarihin bashi

Mutanen da suka taso da cewa cin bashi abin kunya ne sukan sha mamaki a nan. Wanda bai taɓa cin bashi ba, a idon bankin Amurka ba mai gaskiya ba ne, mutum ne da ba a sani ba. Kamfanoni uku ke riƙe da tarihin: Equifax, Experian da TransUnion. Ka karɓi rahotonka daga kowannensu kyauta, ka bi shi layi-layi, duk bashin da ba naka ba ka ƙalubalance shi a rubuce. Makin FICO, wanda banki ke auna tarihin bashinka da shi, yana tsakanin 300 da 850. Da 580 FHA na yarda da kafin alƙalami na kashi 3.5, tsakanin 500 da 579 kuwa sai kashi 10.

In ba ka da tarihi sam, ka buɗe katin bashi irin wanda ake ajiye kuɗin jingina a kansa, ka riƙa sayen fetur ko cefane da shi, ka biya duka a ƙarshen wata. Ka daina biyan haya da tsabar kuɗi. Tun 2021 kamfanin Fannie Mae, mai sayen lamunin gidaje daga hannun bankuna, yake iya lissafa hayar da aka biya kan lokaci idan ta bayyana a bayanan asusun banki. Wannan aiki ne na shekara guda aƙalla, shi ya sa ake fara shi tun kafin a soma leƙa gidaje a waya.

Mataki na uku: kuɗin da banki zai iya gani

A nan mutane da dama masu kuɗi a hannu suke faɗuwa. Banki ba ya tambayar ko kana da kuɗi, tambayarsa daga ina suka fito. Zai nemi bayanan asusunka na wata biyu, takardun albashi na baya-bayan nan, da takardun haraji na shekara biyu. Duk wani babban kuɗi da ya faɗo asusun ba tare da bayani ba, za a ware shi gefe kamar babu shi.

'Yan Meziko suna yin adashi, suna kiransa tanda ko cundina, kuma da kwasar adashi iyalai da yawa suke haɗa kafin alƙalami. Laifin adashi a wajen banki shi ne ba ya barin sawu. Hanya biyu ce. Ko dai ka zuba kwasarka a asusu tun watanni kafin ka nemi lamuni, ta kwana ta tashi har ta zama tsohon kuɗi, ko kuma uwar adashi ta riƙa rubuta komai: sunayen 'yan zubi, adadin zubi, ranar kwasa. Ƙa'idojin FHA sun amince da kuɗin irin waɗannan ƙungiyoyin tara kuɗi idan akwai rubutacciyar shaida. A San Francisco ma akwai ƙungiyar Mission Asset Fund da ta mayar da adashin kan takarda, tana kai rahoton zubi ga kamfanonin tarihin bashi, zubin ya zama maki.

In ɗan'uwa ne zai taimaka, sai ya rubuta wasiƙar kyauta, ya bayyana cewa ba rance ba ne, a kuma ga fitar kuɗin daga asusunsa. Kada ya miƙo maka a ambulan.

Masu aikin kansu, magina da masu gyaran lambu da masu sayar da abinci a mota, suna da wani tarkon daban. Mai cika takardun haraji yakan yi ta zabge kuɗin shiga da sunan kashe-kashen sana'a don harajin ya yi sauƙi. Daɗi a watan Afrilu, lokacin miƙa takardun haraji, ciwo a banki, domin abin da ya rage bayan zabgewa shi banki zai ɗauka a matsayin samunka. Wanda ke samun dala 70,000 amma takarda ta nuna 28,000, lamunin mai 28,000 zai samu. In kana da niyyar gida, shekara biyu kafin lokacin ka bar takardarka ta faɗi gaskiya.

Ga lissafin da ya kamata ka yi da biro. Gidan dala 300,000 ta hanyar FHA: kafin alƙalami 10,500. Kuɗaɗen rufe ciniki, wato na lauya ko kamfanin takardun mallaka, na ƙiyasta farashi, harajin rajista da sauransu, sukan kai kashi 2 zuwa 5, ka ce 6,000 zuwa 15,000. Akwai inshorar lamuni ta farko, kashi 1.75, wadda galibi ake ɗorawa kan bashin, da wata da ake biya wata-wata. Sannan ka bar wani abu a asusu, domin tukunyar ruwan zafi ba ta neman izini kafin ta mutu.

Mataki na huɗu: wanda zai karanta maka

A ganina wannan ne mataki mafi muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Dillali yana cin la'ada ne in an yi ciniki. Jami'in lamuni ma haka. Duk kirkinsu, kuma da yawa mutanen kirki ne, bai kamata wanda abincinsa ke rataye da sa hannunka ya zama shi kaɗai ne tafintanka ba. Cutar da ta fi yi wa baƙi illa ba daga bare take zuwa ba, daga wanda ya gaishe ka da harshenku, ya tambayi garinku, ya ce ka bar masa komai.

Ka nemi mai ba da shawara kan gidaje wanda ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ta tantance. Hidimarsu kyauta ce ko da ɗan kuɗi kaɗan, kuma ba su da kaso a cinikin. Ƙungiyar UnidosUS tana da irin waɗannan cibiyoyi masu aiki da Sifaniyanci a jihohi da dama. Galibin shirye-shiryen tallafin kafin alƙalami na jihohi da birane ma sai ka nuna shaidar halartar darasinsu.

Kada ka ɗora wa ɗanka ɗan shekara 14 fassarar kwangilar lamuni. Yana jin Turancin makaranta, ba na lauyoyi ba, kuma ba zai so ya ce wa mahaifinsa bai gane ba.

Akwai fassarori na hukuma da za ka ajiye kusa da takardar Turanci kana bi sashe-sashe. Hukumar kula da harkar lamunin gidaje ta FHFA ta buɗe rumbun fassarar takardun lamuni a 2018, da Sifaniyanci ta fara, hukumar kare masu hulɗa da bankuna ta CFPB ma ta fitar da samfurori. A Kalifoniya, sashe na 1632 na dokar hulɗar jama'a da wanda ke biye da shi sun tilasta ba da fassarar muhimman sharuɗɗa idan da Sifaniyanci aka yi cinikin. A watan Maris na 2025 Shugaba Trump ya sa hannu kan umarnin da ya mayar da Turanci harshen hukuma, wasu ofisoshin tarayya suka rage abin da suke fassarawa, don haka duk fassarar da ka samu ka sauke ka ajiye. Amma ka riƙe wannan: fassara don fahimta ce, ta Turancin ce ke ɗaure ka.

Mataki na biyar: zagaya bankuna

Ka nemi lamuni a wuri uku aƙalla, cikin mako biyu, don a lissafa binciken tarihin bashinka da za su yi a matsayin guda, makinka bai sauka ba. Da ka ba da sunanka, samunka, lambar shaidarka, adireshin gida, ƙimarsa da adadin da kake nema, doka ta ba banki kwana uku na aiki ya ba ka takarda mai shafi uku da ake kira Loan Estimate. Fasalinta ɗaya ne a ko'ina tun Oktoban 2015, saboda haka ko Turancinka bai yi nisa ba za ka iya jera uku a tebur ka kwatanta lamba da lamba. Ka duba kuɗin ruwa, ka duba ko tsayayye ne ko mai sauyawa, ka duba ko akwai tara ga wanda ya biya da wuri, da ko akwai dunƙulallen biya da ke jira a ƙarshe.

Bambancin kashi ɗaya ba wasa ba ne. Bashin dala 289,500 na shekara 30 a kan kashi 6.5 yana cin kimanin 1,830 a wata, a kan 7.5 kuwa kimanin 2,024. A tsawon bashin, kusan dala 70,000 ke nan. Kuma tarihi ya nuna wa ake ɗora wa wannan ƙarin: a Disambar 2011 an yi sulhu na dala miliyan 335 kan zargin da ma'aikatar shari'a ta yi wa kamfanin Countrywide na cajin baƙaƙen fata da 'yan Latin Amurka fiye da 200,000 sama da fararen da suke daidai da su. Dokar adalci a gidaje ta 1968 da dokar daidaito a lamuni ta 1974 sun haramta nuna bambanci saboda asalin ƙasa. In ka ga alamarsa, ka ajiye takardu ka kai ƙara.

Mai karatu Musulmi zai ce, ribar fa? Akwai kamfanoni irin su Guidance Residential da UIF da ke aiki da tsarin tarayya, inda kamfani da mai saye suke mallakar gidan tare, mai saye yana sayen kason kamfanin a hankali. Su ma za su nemi duk takardun da aka lissafa a sama.

Kafin ka fita neman gida ka karɓi wasiƙar amincewar farko daga banki. Adadin da ke cikinta iyaka ce, ba shawara ba. Bankin bai san kana aika wa mahaifiyarka kuɗi Oaxaca ko San Salvador duk wata ba.

Mataki na shida: dillali, tayi da duba gida

Tun 17 ga Agusta, 2024, bayan sulhun da ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa ta yi, yawancin dillalai sai ka sa hannu a yarjejeniya kafin su zagaya da kai gida. Ka karanta la'adar da aka rubuta, da tsawon wa'adin, da yadda ake fita. La'ada abar ciniki ce, kuma kana iya nema mai gida ya biya ta. Ka duba lasisin dillalin a shafin hukumar jiharku. Ƙungiyar NAHREP ta ƙunshi dillalai masu Sifaniyanci da yawa, sai dai zama ɗan ƙungiya ba shaidar amana ba ne.

In gida ya kwanta maka, za ka yi tayi a rubuce tare da kuɗin nuna da gaske kake, galibi kashi 1 zuwa 3. Wannan kuɗi hannun kamfanin takardun mallaka ko lauya yake zuwa, ba aljihun mai gida ba. Tayin ya ƙunshi sharuɗɗa uku na janyewa da kuɗinka: in duba gida ya nuna babbar matsala, in ƙimar da banki ya yi ta gaza farashi, in lamuni bai fito ba. A Teksas akwai 'yan kwanakin zaɓi da ake saya da kuɗi kaɗan, waɗanda a cikinsu za ka iya fasawa ba tare da bayani ba.

Ka ɗauki mai duba gida da kanka, ka tsaya a wurin yana aiki. Ko da kai magini ne, ka ɗauke shi, domin rahotonsa a rubuce shi ne makamin neman ragi. Gidan da aka gina kafin 1978 dole a sanar da kai batun fentin gubar dalma, kuma kana da kwana 10 na bincike. Ka tambayi ɗakin da aka ƙara a baya ko garejin da aka mayar ɗaki ko da izinin hukuma aka yi. A Houston da Miami ka duba taswirar ambaliya ta hukumar agajin gaggawa, FEMA, saboda inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya.

Babban iyali su duba gida mai sashe biyu zuwa huɗu. FHA na ba da lamuninsa muddin kana zaune a ɗaya, kuma ana iya lissafa wani kaso na hayar sauran cikin samunka. In 'yan'uwa za su haɗa hannu, a tsayar da maganar sunan wa zai hau takardar mallaka tun yanzu. Wanda ya zuba kuɗi sunansa bai hau takardar ba, a doka ba shi da ko bulo ɗaya, wanda kuma ya ara sunansa a lamuni, bashin duka yana wuyansa.

Tarkuna biyu da aka ɗana wa masu Sifaniyanci musamman

Na farko notario. A Meziko da yawancin Latin Amurka, notario público babban lauya ne da gwamnati ta naɗa, shi ke tabbatar da cinikin gida. A Amurka mai wannan laƙabi shaidar sa hannu kawai yake yi, ba shi da ikon ba da shawarar doka. Masu shaguna suna rataye allon notario suna rubuta wa mutane kwangilar gida. Ka guje su.

Na biyu cinikin da mai gida ko mai fili zai ce ba ruwanka da banki, ba ruwanka da maki, ka riƙa biyansa wata-wata, in ka gama ya ba ka takardar mallaka. A irin wannan kwangila gidan yana nan da sunansa har biyan ƙarshe, kuma a wasu jihohi in ka yi tuntuɓe za ka rasa gidan da duk abin da ka zuba. Ko inda aka ba da takarda, bashin mai fili kan zo da ruwa mai tsanani. A Disambar 2023 ma'aikatar shari'a da CFPB suka maka kamfanin Colony Ridge a kotu, bisa zargin tallata filaye a arewa maso gabashin Houston da Sifaniyanci, a ba mutane muhimman takardu da Turanci, a ɗora musu bashin da ba za su iya biya ba, a ƙwace filin a sake sayarwa. In dole sai ka bi wannan hanya, lauyanka na kanka ya karanta, a yi binciken mallaka, a yi wa kwangilar rajista a ofishin gunduma.

Mataki na bakwai: rufe ciniki

Daga karɓar tayi zuwa sa hannu yakan ɗauki wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A tsakanin nan kada ka sayi mota, kada ka ɗauki kujeru bashi, kada ka sauya aiki, domin banki zai sake dubawa daf da ƙarshe. Ka sayi inshorar takardar mallaka ta kanka, ban da wadda banki ya tilasta, tunda waccan shi kaɗai take karewa. A jihohi irin su Teksas, Kalifoniya da Arizona, inda dukiyar aure ta miji da mata ce, ana iya buƙatar sa hannun matarka ko da ba ta cikin lamunin.

Kwana uku na aiki kafin ranar, dole a ba ka takarda mai shafi biyar, Closing Disclosure. Waɗannan kwanakin naka ne. Ka kai ta wurin mai ba ka shawara, ku jera ta da takardar farko, duk lambar da ta motsa ku tambayi dalili. In kuɗin ruwa ya tashi sosai, ko an sauya nau'in lamunin, ko an saka tarar biya da wuri, kwana ukun sabo ake farawa.

Kafin ka tura kuɗi, ka kira kamfanin rufe ciniki ta lambar da ka riga ka sani, ka tabbatar da lambar asusu. 'Yan damfara suna aiko saƙon imel mai kama da na gaske, wai an sauya asusu, kuma kuɗin da ya tafi da wuya ya dawo. Ka sake zagaya gidan ana gobe. Ranar sa hannu ka je da katin shaida da tafintanka, ka sanar tun da wuri cewa zai zo. Ba a yi maka alfarma ba, kai ne mai biya, don haka in ana gaggawa ka ce a dakata. Kada ka sa hannu a takardar da ke da gurbin da ba a cike ba, kuma kada ka yarda da "za mu gyara daga baya". Wasu na zaton akwai kwana uku na fasawa bayan sa hannu. Wannan na mai sabunta lamunin gidan da yake ciki ne, mai sabon saye ba shi da shi.

Bayan ka karɓi makulli, ka nemi rangwamen harajin gidan zama a ofishin gunduma. A Teksas da Fulorida yana rage kuɗi sosai, kuma sai ka nema ake ba ka. Wasiƙu za su fara zuwa masu kama da na gwamnati, suna neman kuɗi masu yawa don su aiko maka kwafin takardar mallakarka, alhali ofishin rajista na gunduma zai ba ka ita da 'yan daloli. In aka ce an mayar da lamuninka hannun wani kamfani, abu ne da ake yi kullum, sharuɗɗanka ba sa sauyawa, amma ka kira tsohon kamfanin ka tabbatar kafin ka tura biyan farko zuwa sabon adireshi.